Rubutun Alli a Bututun Toranke

Da hantsin ranar Asabar wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na Ajingi ita kaɗai, takalmanta duk laka. Sufeto Muhammad Bashir yana zaune gaban kofin shayin da ya riga ya huce. Shekara biyu ke nan da aka turo shi nan, iyalinsa kuwa suna Zariya.

Ta ce sunanta Dakta Rumaisa Babagana, haifaffiyar Gaya. Malama ce a jami'a, a sashen injiniyan injuna, fanninta shi ne yadda ruwa ke gudu a cikin bututu. Tana da wurin gwaji a wata gonar rani a Toranke, kuma jiya Juma'a an kwance mitar da ke auna ruwan an tafi da ita.

"Nawa ce kuɗinta, Dakta?"

"Ba kuɗinta ne ya kawo ni ba, Yallaɓai. Awon wata goma sha huɗu ne a cikinta."

"Ba ki da kwafi?"

"Na damina da na kaka suna wurina. Na rani yana cikinta, kuma ranin shi ne binciken." Ta gyara mayafinta. "Saura kwana goma kwamitin ƙarin girma ya zauna. Sau biyu ana tsallake ni. Idan ban miƙa takardar bincike a wannan karon ba, ba za a sabunta mini aiki ba."

Sufeto ya dubi ƙofa, ya ga ba wanda ya rako ta. Ya ɗauki hularsa.

Gonar tana bayan gari, kewaye da darni. Ga rijiyar burtsatse, ga faifan sola guda shida, ga injin tura ruwa, duk suna nan. A tsakiyar dogon bututun ne kawai aka bar giɓi kamar na haƙorin da aka cire.

Sufeto ya tsuguna. An toshe bakin bututun biyu da leda, an ɗaure da roba. Notoci takwas suna jere a kan bulo, kowanne da washarsa. Ƙasar wurin a bushe take.

"Ɓarawon da ya bar sola ya jera noti," in ji shi. "Wa kike zargi?"

"Gurbi ɗaya ne a sashen, mu biyu muke nema, ni da Dakta Mus'ab."

"Wa ya haɗa wannan aikin?"

"Baba Zulkiflu, mai kula da ɗakin gwajinmu. Kada ma ka kai tunaninka can. A duk sashen, shi kaɗai ne yake tambayata ko na ci abinci."

Da ta juya za ta amsa waya, Sufeto ya zagaya ta gefen darni. A jikin bututun, daidai giɓin, an rubuta da farin alli: 48317, a ƙasansa kuma 1:52. Ya ɗauki hoton da wayarsa, ya mayar da ita aljihu.

Mai gonar, Malam Maiwada, ya iso da fartanya a kafaɗa, yana rantsuwa tun daga nesa.

"Yallaɓai, ni ban taɓa ko kusantar ƙarfen nan ba!"

"To wannan albasar ta gefe, wadda ba ta cikin gwajin, ruwan sama take sha a watan Maris?"

Maiwada ya sosa ƙeya. Ya amsa cewa yakan buɗe ɗan famfon gefe da asuba ya shayar da ita, amma wallahi jiya yana masallacin Juma'a a Ajingi, shi da duk mazan unguwar.

"Duk maza," in ji Sufeto. "Mata fa?"

Gidan Maiwada yana manne da gonar. Da izininsa Sufeto ya tsaya a zaure, matarsa Lami ta yi magana daga bayan asabari.

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe. Amma na ji."

"Me kika ji, Baba?"

"Ina tankaɗe sai na ji babur ya tsaya. Can kuma na ji ƙarar ruwan tana raguwa. Idan maigidana ne ya rufe, sai ka ji ƙwam, kamar an daki tukunya."

"Ke Lami!" in ji Maiwada.

"To ƙarya na yi? Wannan kuwa a hankali ya yi ta lallaɓa shi, kamar mai sa jariri barci, har ya yi shiru."

A hanyar komawa Sufeto ya tambayi Dakta Rumaisa dalilin ƙarar. Ta ce ruwa mai gudu idan aka datse shi lokaci guda, sai ya daki bututu, wani lokacin har ya fasa shi. Kowane ɗalibi ya karanta haka a littafi, amma ba kowa ne hannunsa ya saba ba.

Ya sauke ta a Gaya, a ƙofar wani gida mai ɗaki biyu. Da kanta ta buɗe kwaɗon, ba wanda ya yi mata sannu da zuwa.

Ranar Litinin Sufeto ya tafi jami'ar. Ya sami Dakta Mus'ab a ofishinsa, fanka tana kaɗa takardun jarrabawa.

"Toranke? Ban ma san hanyarta ba."

"Maiwada ya ce a watan jiya wani mai farar mota da tabarau ya zo ya ɗauki hotuna."

Mus'ab ya cire tabaransa ya goge. "To, na je sau ɗaya. Laifi ne mutum ya ga abin da abokin takararsa yake yi? Ranar Juma'a kuwa ina Kaduna wurin taro."

"Za mu bincika. Nuna mini ɗakin gwaji."

Ɗakin dogo ne, cike da tankuna da bututai. A lungu wani dattijo mai furfura, sanye da shuɗiyar rigar aiki, yana goge sifana. Shi ne Malam Zulkiflu. Ruwa yana zagayawa a cikin wani bututun gilashi.

"Dakta, taimaka ka tsayar da ruwan nan, ba na jin magana," in ji Sufeto.

Mus'ab ya kama makullin ruwan ya murɗe shi lokaci guda. Bututun ya yi ƙara, gilashin ya girgiza.

"Haba Dakta!" Dattijon ya taso da sauri. "Sau nawa zan faɗa? Ruwa ba a yi masa tsawa."

Ya buɗe makullin, ya sake rufewa kaɗan-kaɗan, kunnensa a kusa da ƙarfen, har ƙarar ta mutu. Bai ma san ya yi ba, hannunsa ya shiga aljihu ya fito da guntun alli. Ya dubi mita, ya dubi agogo, ya rubuta a jikin bututun: lamba a sama, lokaci a ƙasa.

Sufeto ya bi ɗakin da kallo. Babu bututun da ba shi da irin wannan rubutu.

"Malam, ina ka yi sallar Juma'a?"

"A Kademi, garinmu. Na ɗauki hutun ranar."

"Da ƙarfe biyu saura minti takwas kana sahu ke nan?"

Sufeto ya miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya dubi allin da ke hannunsa.

"Wanda ya koya mini aiki ya ce ba a cire mita sai an rubuta abin da ta nuna," in ji shi a hankali. "Shekara ashirin da shida ban saɓa ba."

"Tana ina?"

"Tana gida. Ba abin da ya same ta."

Da la'asar suka isa Kademi. Sun biya ta Gaya sun ɗauki Dakta Rumaisa domin ta shaida kayan. Gidan Malam Zulkiflu shiru; matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yan suna Legas. Ɗaki ɗaya ne kawai ake sharewa.

Mitar tana kan gado, a naɗe cikin bargo, an jona ta da ƙaramin batir. Wata koriyar fitila tana ƙiftawa a jikinta.

"Idan wuta ta ɗauke mata na tsawon lokaci, agogon cikinta yana rikicewa," in ji Zulkiflu. "Awonki yana nan, Dakta, ko ɗaya bai ɓata ba."

Rumaisa ta zauna a bakin gadon. "Baba, me na yi maka?"

"Ranar Laraba kika ba ni daftarin takardar binciken in kai a buga. Na karanta shafin farko a hanya."

Ta sunkuyar da kai.

"Sunanki na gani, da na shugaban sashe, wanda ko sau ɗaya bai taka Toranke ba. Na duba har shafin ƙarshe. An gode wa jami'a, an gode wa Maiwada mai gona." Ya yi ɗan murmushi. "Daktoci bakwai suka hau a kan bututan da na haɗa. Uku sun zama farfesa. Ban taɓa yin magana ba, domin ni difloma gare ni. Amma ke na ɗauka daban ce. Lokacin da mitar nan take ba ki awon ƙarya, wa ya gano iska ce take shiga ta gwiwar bututu?"

"Kai ne, Baba."

"Wa ya yi wata goma sha huɗu yana zuwa a babur duk sati?"

"Ai da ka faɗa mini."

"Da kin tuna."

Sufeto ya tambaye shi abin da ya yi niyyar yi da ita. Ya ce so ya yi kwamiti ya zauna ya tashi, sannan ya mayar da ita inda ya ciro ta, ya ɗaure notinsa.

"Ka san hakan zai raba ta da aikinta?"

"Na sani. Shi ya sa tun ranar ban iya cin abinci ba."

Rumaisa ta miƙe. "Yallaɓai, na janye ƙarar."

"Ba taki ba ce yanzu, Dakta. Kayan jami'a ne, kuma da safen nan shugaban sashe ya aiko da takarda a rubuce."

Ta juya ga dattijon. "Zan sa sunanka, Baba. Wallahi yau zan sa shi, kusa da nawa."

"Ki sa na mutumin da za a kora saboda sata? Kwamiti zai yar da takardar. Ki bar ta yadda take." Ya cire jonin batirin a hankali, ya ɗora mata mitar a hannu. "Ki riƙe ta a tsaye."

Sufeto ya bar ankwa a aljihu. Ya zauna a kan tabarma, ya buɗe fayil, ya zaro takardar tuhuma.

"Cikakken suna, Malam?"

"Zulkiflu Ari Kademi." Ya leƙo yana kallon biron yana tafiya a kan layin farko. "A sama ka sa shi?"

"A sama."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ajiye guntun allin a kan taga, ya kulle ɗakinsa, ya bi Sufeto zuwa mota. Rumaisa ta biyo su daga baya, rungume da mitar, fitilar tana ƙiftawa a ƙarƙashin mayafinta.