Bangon Da Ya Ƙi Farar Ƙasa

A kasuwar Tambuwal Lauwali ya fara ganin Tambaya, shekarar da aka sami 'yancin kai, lokacin da kowa ke ɗokin kore da fari. Ita kam ja ta ɗaura, ta yafa rawaya, ɗankwalinta shuɗi. Lauwali marini ne daga Kebbe, shuni ya kama hannuwansa har gwiwa. Ta ɗaga zannuwan da ya baje, ta mayar.

"Duk baƙi? Ku mutanen Kebbe kullum cikin takaba kuke?"

"Jiranki muke, Bakan-gizo, ki zo ki fid da mu."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa masa Shuɗin-hannu.

Bayan manya sun shiga maganar, wata ranar zance ta zana masa ɗakinta da tsinke a ƙasa.

"Bangon gabas jan ƙasa. Na yamma shuni. A ratsa su da rawaya irin ta bakin tabarma. Faya-fayai masu launi bisa, tasoshi ƙasa. Luru kan gado, saƙi kan luru."

"Ido zai sami wurin hutawa kuwa?"

"In ya gaji ya dube ka."

Namiji mai hankali "to" zai ce, ya manta. Da yawanmu haka muka yi, muka tsufa a ɗaki mai launin toka. Lauwali ba shi da wannan hankalin. Ya koma Kebbe, ya dama launukansa da ƙaro, ya hau bango.

Goggo Kulu, yayar mahaifinsa, ita ta rene shi, ita kuma za ta kai kayan aure. A gidansu farar ƙasa ake shafa wa ɗakin amarya, amarya kuwa ko sunan ɗakin ba ta kamawa sai an shigar da ita a lulluɓe. Goggo ta leƙa, ta ja baya.

"Wa yab ba ka wanga aiki?"

"Tambaya ta tsara," in ji shi, har da murmushi.

"Ɗiya ta buɗe baki ta tsara ɗaki tun ba a ɗaura ba? To ƙafata ba ta zuwa Tambuwal da kaya."

Ta sa aka shafe bangon da farar ƙasa. Yana bushewa shunin ya tsattsafo. Aka ƙara shafi, jan ya biyo bayansa. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron muciyar da ba sa bukata.

A Tambuwal labarin da ya isa shi ne Lauwali da hannunsa ya shafe. Namadi, malamin haraji, ya ji, ya zo da kekensa neman Tambaya, yana tallar ɗakin siminti. Tambaya ta ce siminti toka ne mai girman kai. Amma da Lauwali ya zo, daga bayan zana ta yi masa magana.

"An ce ka shafe ni."

"Goggo ta shafe, Bakan-gizo. Bangon ya ƙi. Ni ma na ƙi."

Ta turo masa tabarma ta ƙarƙashin zanar.

Da surutu ya yi yawa, Goggo ta zo Tambuwal hannu wofi. Ta sa aka kira yarinyar gaban uwarta, ta buɗe mata ƙofar fita.

"Ɗiyata, ki ce ba ke kika faɗi ba, haukansa ne. A wuce wurin, jibi in kawo kaya."

Uwar ta tsunkule ta. Kalma ɗaya ce, aure ya tabbata. Tambaya ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Goggo, ni na faɗi. Ni za a kai ɗakin, ni zan wuni ina kallon bangon. Ba na shiga gidanku da ƙarya, ba na kuma mai da shi mahaukaci."

Goggo ta daɗe tana dubanta.

"Ni da anka kai ni, farin bango na kalla har na san tsagunsa ɗai-ɗai. Ba wanda yat tambaye ni." Ta gyara mayafi, ta miƙe. "Ban ce na yarda ba. Farar ƙasata ce ta ƙare."

Bayan kaka aka ɗaura. Masu jere suka ɗora faifai kan faifai, saƙi kan luru, har wata tsohuwa ta ce jiri take ji, ta kuma ƙi fita.

Da aka watse, Lauwali ya yaye lulluɓin. Tambaya ta bi bangon da kallo a hankali, ta kai kan hannuwansa, ta riƙe su.

Daga tsakar gida muryar Goggo ta taso, ba ta ko juyo ba.

"Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku ɗiya masu kunya. In bai ba da ba, shi ba ku masu gaskiya."

Suka ce amin tare.