Yatsu Uku a Duwatsun Ƙanƙara

A bayan garin Kurfi Hamdiyya ta fara ganin Suhaib, yana fasa dutse da 'yar guduma. Ta taso daga makarantar da take koyarwa, shi kuma ɗalibin nazarin duwatsu ne a jami'ar Dutsin-Ma.

"Malam, me dutsen ya yi maka?"

Ya ɗago da murmushi. "Shekarunsa nake tambaya."

Wata bakwai yana zuwa zance, yana kiranta Hamdina. Sai aka zaɓe shi cikin masu binciken da za su Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, inda ƙanƙara ta binne jerin tsaunuka, kawunansu kaɗai ake gani.

Mahaifinta, Malam Tukur, ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai jefa kansa halaka. "Ga Jibril ɗan ƙanena, kullum yana gonarsa a Zobe." Da ƙyar ta roƙe shi ya yarda a jira Suhaib wata huɗu.

Saƙo ɗaya ya iso: "Hamdina, mun kafa tanti gindin wani baƙin tsauni. Ba itace, ba tsuntsu. Rana ba ta faɗuwa, kuma ba ta da ɗumi. Ke nake tunawa."

Daga nan shiru, har sati tara. Ta rame, abinci ma sai Inna ta tsare ta. Rannan ƙawarta ta ce ta gan shi a Dutsin-Ma, tun makon jiya ya dawo. Ta ci kuka, ta ɗauka wata ya samu.

Ta rubuta: "Ko sallama ban cancanta ba?"

Sai washegari ya amsa: "Guguwa ta tsare mu kwana uku kan tsaunin. Sanyi ya kashe mani yatsu uku, an yanke. Abokina bai dawo ba. Ban iya kallon kowa. Ki auri Jibril."

Ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ya karanta sau biyu, ya ɗauki hularsa ya fita. Sai la'asar ya dawo.

"Safar hannunsa Suhaib ya cire ya sa wa abokin," in ji shi. "Yayansa ya faɗa mani. Har yanzu kina sonsa?"

"Ina sonsa, Baba."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Kurfi, ba kiɗa, ba taro mai yawa.

Da suka zo gaisuwa, Suhaib ya ɓoye hannun cikin riga. Malam Tukur ya miƙa nasa, ya jira har ya fito da shi, ya riƙe da hannu biyu.

"Allah ya yi maku albarka, ya jiƙan wanda aka baro can."

Hamdiyya ta ce amin.