Fambel Ɗin Motar Malam Yahaya

Kukan motar Malam Yahaya ne ya haɗa su. Fambel ɗinta ya tsufa, da an tashe ta sai ƙiii, har maƙwabta a Boɗinga su toshe kunne. Aka kira Kamilu bakanike, ɗan abokinsa daga Shagari, ya zo gida ya canza.

Aikin kuwa na mutum biyu ne. Ɗaya ya danne sifana, ɗaya ya zagaya sabon fambel. Babu kowa a kusa sai Rahinatu, ɗiyar Malam.

"Riƙe da kyau, ƙanwata. In kin saki, yatsuna sun tafi."

"Ba zan saki ba," ta ce, kanta a sunkuye.

Daga nan fa soyayya ta kankama. Malam Yahaya ya ce sam, Bashir ɗan wansa na nan yana jira. Ya hana Kamilu zuwa zance.

Ana cikin haka aka kawo mata labari: Kamilu ya canza fambel a gidan su Na'ima, ƙawarta ta Sifawa, kuma Na'ima ce ta riƙe masa sifana! Kai, Rahinatu ko tuwo ya ƙi wuce mata. Kishi kamar ya kashe ta. Ta tura masa saƙo:

"Ashe kowa ma riƙe maka yake. Allah ya bar ku tare."

"Haba Rahina tawa! Ita ƙarfe ta riƙe, ke kuwa ni kika riƙe."

Daɗin baki, in ji ta. Shi yana can gidajen 'yan mata, ita ko ganinsa an hana ta. Da Malam ya tafi masallaci, baiwar Allah ta ɗauki reza ta buɗe bonet.

Dole aka sake kiran Kamilu. Ya zaro fambel ɗin, ya dubi yankan, ya miƙa wa Malam. Malam ya karɓa ya jujjuya.

"Wanga ba tsinkewa ba ne. Wa ya yanka?"

Rahinatu ta fashe da kuka. "Ni ce, Baba. Ban iya zama yana can wata na riƙe mishi."

Malam ya dube ta, sannan ya juya wajen Kamilu.

"Kamilu, turo magabatanka, tun ba ta kai ga tayoyin ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka kai amarya Shagari a motar nan. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, amin.