Babur Ɗin Da Ba Ya Tashi Ranar Asabar

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a garin Asahikawa, Itsuki ya turo babur ɗinsa garejin tsoho Kuwabara don a ajiye masa har sanyi ya wuce. Konomi, 'yar mai garejin, ita ta karɓi makulli, da ɗigon baƙin mai a hancinta. Shi ke nan, bawan Allah ya ajiye babur ya haɗa da zuciyarsa.

Wata biyar cur, duk Asabar sai ya zo wai duba batir. Tsohon yana kallonsa ta saman tabarau.

"Ranar da babur ɗin nan ya tashi, ka ɗau abinka, kada in sake ganin ƙafarka. 'Yata ba ta auren mai babur, na san halinku."

Ƙanƙara kuwa ta narke, ba ta tausaya wa kowa ba. Tsoho ya juye mai, ya ba tayoyi iska, ya shafa wa sarƙa giris. Hankalin Itsuki ya tashi, sai ga saƙon Konomi:

"Sarkin Batir, kwantar da hankalinka. Gobe ka yi ta buga shi, ka ɓata rai sosai."

Ya buga, babur ya yi tari ya yi shiru. Abin mamaki, duk Juma'a lafiya lau yake tashi a hannun tsohon, Asabar na yi sai ya ƙi.

A Asabar ta shida tsohon ya ajiye sifana, idonsa ya yi ja.

"Shekara arba'in ina aikin nan. Tsufa ya zo, rufe garejin zan yi."

Tausayi ya kama Itsuki. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa kujerar babur.

"Baba, hannunka lafiya lau yake. Laifinmu ne."

Konomi ta buɗe kwanon abincinta. Sababbin fulogin babur guda shida ne a ciki, duk wanda uban ya sa sai ta musanya shi da matacce.

Tsohon ya juya wajen Itsuki.

"Ɗauki babur ɗinka," ya ce. "Ka haɗa da ɓarauniyar, ni ba zan iya zama da ita ba."

Ranar Asabar aka yi bikin aurensu. Tsohon ya sa musu albarka yana share hawaye, sannan ya ce amarya ta zazzage aljihunta kafin ango ya hau. Bugu ɗaya babur ya tashi.