Turbar Awaki

"Tsayar da motar," mahaifin Mthunzi ya ce.

Boipelo ta kalli Mthunzi da ke zaune a tsakiya. Shi kuma ya kalli gwiwoyinsa.

"Baba, tambaya kawai na yi," ta ce a hankali. "Wace turbar awaki za mu bi, ta Pongola ko ta Vryheid?"

"Na ce ki tsayar."

Ta gangara gefen titi, kusa da rumfunan masu ayaba a bakin garin Piet Retief. Tsohon ya buɗe ƙofa. Ya sauke sandarsa, ya sauke lafiyayyar ƙafar, sannan ya jawo kumburarriyar da hannu biyu. Ɗansa ya miƙa hannu zai tallafa masa, ya ture shi. Ya dogara ya je ya zauna a kan wani dutse.

"Kwana uku ina haɗiyewa," ya ce, bai kalli kowa ba. "Ba zan shiga ƙasar ubana ana zagina a kunne ba. Ku tafi. Motar haya za ta zo."



Yau kwana na huɗu ke nan da barinsu garin Walvis Bay da ke bakin teku. Can Mthunzi ke aiki a tashar jiragen ruwa, can ita ma take tuƙa babbar motar kifi. Tsohon ya je ne don ya raba su. Ya ji labari ɗansa na neman 'yar Botswana, direba, mai sa wando, alhali ga Khethiwe a gida, 'yar maƙwabta, wadda ƙanwar tsohon, Gwaggo Zodwa, ta daɗe da zaɓa. Yana isa ƙafa ta kumbura. Likita ya hana shi zaman bas. Mthunzi bai iya tuƙi ba. Sai Boipelo ta fito da a-kori-kurarta, ta ɗaura ɗankwali, ta sa doguwar riga, ta ce ita za ta kai shi gida.

Sharaɗin kuma ita ta gindaya da bakinta. Ba za ta zauna da namiji ba sai ubansa ya aika mutane gidan ubanta. In sun isa Nongoma, garin tsohon, bai buɗe baki ya amince ba, gobe da safe za ta juya motar ita kaɗai, maganarsu ta ƙare.

Saura tafiyar awa uku.

"Me na yi masa, Mthunzi?"

"Ba ki yi komai ba, sanyin idona. Ƙafar ce ke damunsa."

"Ƙafar ce ta hana shi sauka ya gaisa da babana a Kanye? Muna ƙofar gidanmu fa. Babana ya tsaya da hula a hannu…"

"Na sani."

"Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Ko sau ɗaya."

Gaskiya ta faɗa. Sunan tsohon Ndlela, ma'anarsa hanya. Matar ɗa ba ta furta sunan surukinta, ko da maganar titi take yi. Sai ta nemi wata kalmar ta maye gurbinta. Ba wanda ya ɗora wa Boipelo wannan, don ba a ɗaura komai ba tukuna. Ita ta ɗauka da kanta. Kafin su taso ta kira gidan a waya don ta tambayi Gwaggo Zodwa kalmar da matan gidan ke amfani da ita. Khethiwe ce ta ɗauka. Ta yi mata magana da taushi, har da ce mata 'yar'uwa, ta ce a gidan nan turbar awaki ake cewa. Boipelo ta rubuta a bayan hannunta, ta haddace. Direba ce, kuma kwana uku ta ratsa ƙasa uku ba ta ce hanya ba.

"Bari in roƙe shi," Mthunzi ya ce.

"Ka bar shi ya huce. Lokacin maganinsa ya yi, kuma bai ci komai ba."

Ta share ido da gefen ɗankwali, ta sauka ta nufi rumfar farko. Wata dattijuwa ce mai jiki, tana korar ƙudaje da kwali.

"Sannu, Mama. Ayaba nake so, nunannu. Da ruwa."

"Sannu, 'yar nan. Wa ya sa ki kuka da safiyar nan? Wancan dogon da ke cikin mota? In je in ja masa kunne?"

Boipelo ta yi ɗan murmushi. "Ba shi ba ne."

"Kullum su ne. Ina za ku?"

"Nongoma."

"Ku bi ta Pongola. Ta fi sauƙi ga mai ciwon ƙafa."

"To. Turbar awakin Pongola ke nan za mu miƙe?"

Dattijuwar ta tsaya da kwalin a sama.

"Turbar me?"

"Turbar… awaki."

"Awaki kika ɗauko a motar?"

"A'a, Mama. Ba na iya faɗin ɗayar kalmar ne." Ta sunkuyar da kai, ta nuna dutsen da gefen ido. "Sunansa ne."

Matar ta dubi tsohon. Ta dubi Boipelo. Dariya ta taso mata, amma ta tsaya a maƙogwaro, fuskarta ta sauya.

"Wa ya koya miki wannan?"

"A gidansu aka faɗa min."

"Kuma kwana nawa kina faɗa a gabansa?"

"Uku."

"Wayyo 'yata." Ta ajiye kwalin. "Ki saurare ni. Kalmar da kike kauce wa, a madadin sunansa take. Duk abin da kika sa a gurbinta, shi kika kira da shi. Kwana uku kina ce wa mutumin nan shi ba hanyar mutane ba ne, wurin kashin awaki ne."

Boipelo ta dafa teburin. Ayaba biyu suka gangaro ƙasa.

"Ban sani ba… Mama, ban sani ba."

"Na ga alama. Ce inyathuko."

"Inya… thuko."

"Abin da ƙafa ke takawa. Haka iyayenmu ke cewa. Sake faɗa."

Ta sake faɗa, hawaye na shiga mata baki.

Dattijuwar ba ta nemi izinin kowa ba. Ta gyara zaninta, ta kama hannun Boipelo, ta ja ta har gaban dutsen. Ta russuna.

"Baba, barka da hutawa. Surukarka ce wannan?"

"Direba ce."

"To direbar nan tun daga bakin teku take kauce wa sunanka. Ni surukata da ke cin tuwona kullum ba ta yi wa mijina haka ko na wuni ɗaya. Kalmar ce aka ba ta gurguwa. Ta ɗauka girmamawa ce."

Tsohon bai motsa ba. Mthunzi ya fito daga mota, ya tsaya a baya.

"Kai," uban ya ce masa. "Kana ji kwana uku. Ba ka da baki?"

"Baba, na ɗauka haka mata ke cewa. Ina zan san maganar mata?"

"Dogo har rufin mota, kai kuma fanko," dattijuwar ta ce.

Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Yana shekara uku uwarsa ta rasu, ita da ke kauce wa sunan mijinta. Tun daga ranar ba macen da ta ƙara kauce wa sunan a gidan.

Boipelo ta durƙusa a kan tsakuwa, gwiwa biyu, idonta a ƙasa.

"Baba, ka yafe min."

"Wa ya ba ki kalmar?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Ni ce ban bincika da kyau ba, Baba."

Ya daɗe yana kallon tsakiyar kanta. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihun kwat, ya juya ta a tafin hannu.

"Daren farko, a Gobabis, an kira ni. Aka ce, Baba, ka saurari bakin yarinyar nan da kyau, ka ji da me take kiranka." Ya mayar da wayar aljihu. "Wanda ba ya cikin mota, ta yaya ya san abin da za a faɗa a cikin mota?"



"Ba ni ayabar," ya ce.

Ya ci guda biyu. Ya haɗiyi maganinsa da ruwa. Da zai tashi, Mthunzi ya matso, tsohon ya sake ture shi. Ya ɗora hannu a kafaɗar Boipelo ya miƙe.

Dattijuwar ta raka su har mota, ta tura wani nonon ayaba ta taga.

"Na amarya ne. Kai dogo, kar ka taɓa."

Suka kama ta Pongola. Rana ta ɗaga. Gonakin rake suka bayyana, kore har iyakar gani. Boipelo na tuƙi a hankali kamar yadda ta saba tun farko, tana rage gudu kafin kowane tudu. A ƙarƙashin jakar da ke kan cinyarsa, Mthunzi ya laluba ya taɓa gefen rigarta da yatsa ɗaya.

"Rabin raina," ya ce can ƙasa.

"Babanka na ji."

"Ina ji," tsohon ya ce. "Ƙafa ce ta kumbura, ba kunne ba."

Kafaɗun Mthunzi na rawa don dariya.

Da suka iso mararraba bayan Pongola, ta rage gudu. Ta san inda za ta bi, ga allo nan ƙato. Duk da haka ta tambaya.

"Baba… wannan ce inyathuko ta gida?"

Tsohon ya juya fuska ga taga. Ya daɗe a haka. Ya zaro hankici, ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce iskar nan ta cika ƙaiƙayin rake.

"Dama," ya ce. "Ki bi dama, 'yata."

Ta bi dama. Allon da ke gabanta ya dushe, sai da ta ƙifta ido sau uku ya dawo daidai. A ranta ta gode wa Allah. Ta gode wa matar da ko sunanta ba ta tambaya ba. Ta gode wa tsohuwar motar nan da ta ratsa hamadar Kalahari ba ta yi ko tari ba.

Tuddai suka fara. Shanu masu dogayen ƙaho na tsaye a tsakiyar kwalta, ba su da niyyar matsawa. Tsohon ya soma magana, kaɗan-kaɗan. Ya nuna rafin da ya yi kiwo yana yaro. Ya nuna cocin da aka ɗaura masa aure. Ya nuna bishiyar da aka binne uwar Mthunzi a ƙarƙashinta.

"Tun daga teku nake ƙirgawa," ya ce daga baya. "Ba ramin da kika jefa ƙafata. Ko ɗaya. Na gani. Fushi ne ya hana ni faɗa."

"Aikina ne, Baba."

"Ba aikinki ba ne. Na gode."

Mthunzi ya juyo ya kalli ubansa baki buɗe.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Azahar suka iso. Gidan na kan gangare, ɗakuna huɗu da garken shanu a tsakiya. Gwaggo Zodwa na tsaye a ƙofar shinge, hannu a ƙugu. Khethiwe na gefenta da kwanon ruwa, ta ci kwalliya, tana murmushi.

Boipelo ta karya kan motar za ta shiga.

"Tsaya nan," tsohon ya ce. "Kar ki shigar da ita. Ke ma kar ki shiga."

Ta taka birki. Mthunzi ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa yatsa.

Ya sauka da kansa. Khethiwe ta taho da gudu ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. An sha wahala. Yaya tafiya?"

"Lafiya lau. Ta turbar awaki muka biyo."

Ruwan ya fantsama a kan rigarta. Murmushin ya tafi.

"Ki gaida mahaifiyarki," ya ce. "Ki ce na gode da kula min da gida. Daga yau ki huta."

Ta tashi, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta bi bayan shinge ba ta waiwayo ba.

Gwaggo Zodwa ta matso tana leƙen motar.

"Yaya, ita ce wannan? Har gida ka kawo ta?"

"Ita ta kawo ni." Ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya yadda na cikin mota za su ji. "In ta shiga gidan nan yau, direba ce ta shigo, gobe ta fita. Ba haka nake so ta shigo ba. Za ta sauka wajenki, ƙetaren rafi. Ki ba ta ɗaki mai kyau. Ki yanka mata kaza."

"Har yaushe?"

"Har ƙannena su je Kanye su dawo. Ni ma da ni za a je. Akwai mutumin da ya cire min hula, ban sauka ba."

Boipelo ta kifa goshi a kan sitiyari. Kukan ya zo ba sauti. Mthunzi ya riƙe hannunta, wannan karon a fili.

"Kin ji, abar ƙaunata? Kin ji?"

"Na ji…"

Gwaggo Zodwa ta daɗe tana kallonsu. Ta ja tsaki, ta zagayo, ta buɗe ƙofar motar.

"Kai, sauka. Gidanku nan ne." Ta jawo Mthunzi waje, ta haye kujerar da kanta, ta gyara zama, ta ɗora nonon ayabar a cinya. "To, amarya, share fuskar. Ni ba na hawa motar mai kuka. Mu je."