Shayin Alhamis a Gidan Sidika Hanim

Tun da Turawan Ingila suka karɓi Kubrus, Sidika Hanim ba ta da wani aiki a birnin Lefkosha sai canja kaya da jiran Alhamis, ranar da matan Turawan ke zuwa shan shayi a lambunta. Pembe, matar ɗanta, ita ke miƙa kofuna, kanta a sunkuye.

Wata Alhamis baƙin suka kai magariba. Sidika ta ɗaga butar azurfa don a ga awarwaronta, ta nufi gindin ɓaure da ragowar tafasasshen ruwa. Ko yaro ya san sai an ce "destur" tukuna, wato neman izini, don mutanen ɓoye su janye 'ya'yansu. Pembe ta ga leɓen surukarta ya motsa. Sai Sidika ta saci kallon wata Baturiya, matar alƙali, ta haɗiye kalmar, ta sheƙa ruwan.

Tsuntsaye suka yi tsit. Tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya. Kafin isha'i Nezihe, autar gidan, tana birgima tana kukan bayanta na ƙuna.

Sai da yarinyar ta daina cin abinci aka kira malami, Hoja Raif, shi ma ta ƙofar baya, kada labari ya kai kunnen Turawa. Ya yi ta karatu har muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin Nezihe, ta ce jikanta aka ƙona.

"Me za a ba ki ki fita?" in ji Hoja.

"Ban son rago, ban son zinariya. Kalmar da uwar yarinyar nan ta haɗiye nake so. Ta faɗe ta da ƙarfi duk Alhamis, a gaban masu jajayen kunnuwan nan."

Sidika ta tambaya ko 'yar aiki za ta iya faɗa a madadinta. Muryar ta ja tsaki. Da dai Sidika ta rantse za ta faɗa, Nezihe ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Ran Laraba Sidika ta sa aka kawo wani ɗan farin kare da jan ƙyalle a wuya. Pembe ta ce, "Inna, yaya sunansa?"

"Destur. Ke dai zuba shayi, 'yar ƙauye."

Da magaribar Alhamis Sidika ta ɗaga buta, ta rangaɗa wa karen kira, "Destur!", ta zubar da ruwa. Matan Turawa suka yaba sunan. Karen ya ƙi fitowa daga ƙarƙashin kujera, sai rawar jiki yake.

Nezihe ce ta sauko daga bene da rarrafe, ta tsuguna a gaban uwarta, ta buɗe baki da muryar tsohuwar nan.

"Ga ni, uwar ɗakina."