Motar Haya da Jajen Sassafe

Da hantsi wata mata ta faɗo ofishin 'yan sanda na Barnawa, ɗankwalinta a hannu. Sunanta Phoebe, mai shagon ɗinki a Sabon Tasha.

Insfekta Zakariyya'u ya tura mata kujera. Mutum ne mai sanyin magana, har abokan aiki na tsokanarsa wai kafin ya gama tambaya shayi ya huce.

"Yallaɓai, sun ɗauke mijina Nathan," in ji ta. "Jiya da yamma ya kira ni, ya ce motar ta sake mutuwa a bayan masana'antun Kudenda. Ina jin muryarsa, sai ihu, sai shiru. Daga baya wani ya kira, ya ce in na faɗa wa kowa, gawa za su aiko mini."

"Kin ce ta sake mutuwa. Ta saba ne?"

"Tun da muka ɗauko ta haya a kamfanin Tauraro Motos ba mu huta ba. Tana cikin tafiya sai ta ɗauke. Na je na yi faɗa har na gaji, kullum sai su ce gurɓataccen mai muke sha."

"Wa kika faɗa wa an sace shi?"

"Ko uwata ban faɗa wa ba. Maƙwabta na ce musu ya tafi Kafanchan."

A Kudenda suka iske motar a gefen ciyawa, ƙofa a buɗe, takalmin Nathan ƙafa ɗaya a ƙasa. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin.

Makaniken 'yan sanda ya murza makulli. Motar da aka ce ta mutu ta tashi garau. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya nuna wani ɗan baƙin akwati mai layin waya a ciki.

"Oga, tiraka ce. Da saƙon waya ake kashe injin, a kuma sake shi, daga ko'ina."

Suka ja motar zuwa harabar Tauraro Motos. Manaja Harrison ya fara da rantsuwa cewa bai san da wata na'ura ba, amma da ya hango ankwa sai ƙwaƙwalwarsa ta dawo.

"Duk motar haya muna saka mata, saboda masu gudu da ita. Ernest ne ke riƙe da lambobin."

Aka kira Ernest, jami'in kula da kwastomomi, mai fara'a kamar mai tallan magani.

"Ta wannan motar ta daɗe da lalacewa, yallaɓai," in ji shi. "Ni ban ma san inda motar ta kwana ba. Wani abu ya faru ne?"

Insfekta ya fita ya samu Phoebe a cikin motar sintiri, ta ƙanƙame wayarta, tana tsoron ta yi ƙara, tana kuma tsoron kada ta yi.

"Madam, ki tuna da kyau. Babu wanda ya shigo gidanki yau?"

"Babu, sai Brother Ernest. Cocinmu ɗaya, tare suke waƙa da Nathan. Ya zo jaje da sassafe, ya yi addu'a Allah ya fito da shi lafiya."

Tana faɗa, sai ta dafe baki. Idanunta suka firfito.

"Yesu! Wa ya gaya masa?"

Lallai da ɗan gari akan ci gari. A Sabon Tasha, ɗan coci da ya ƙi zuwa jaje shi ake wa kallon banza. Ernest ya ji tsoron wannan kallon, ya manta cewa labarin bai fita ba tukuna.

Insfekta ya sa aka tayar da motar a tsakiyar haraba. Ya miƙa wa Ernest hannu.

"Ba ni wayarka."

"Yallaɓai, abeg, wayar aiki ce..."

"Na sani."

Ya nemo saƙon kashe injin da aka tura jiya da yamma, ya sake tura shi. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya ɗauke ɗif.

"Na'urar da ta lalace ke nan? Jajen me ka je yi, kai da ba ka san komai ba?"

Ernest ya durƙusa a gaban Insfekta.

"Ni kashewa kawai nake yi, su suke ɗauka," ya ce yana kuka. "Mutuwar da ta riƙa yi a baya gwaji ne. Nathan yana wani kango bayan masana'antar da aka rufe a Kudenda. Sun ce in an ji motsin 'yan sanda za su gama da shi."

Ba jiniya, ba kaki, haka Insfekta ya shiga da mutanensa ta cikin gonakin masara. Kafin la'asar suka fito da Nathan, ƙafa ba takalmi, igiya ta ci masa wuyan hannu, amma da ransa. Masu gadinsa biyu na ɗaure a bayan mota.

Da za a wuce da Ernest, Phoebe ta tare hanya. Ba ta zage shi ba.

"Ka riƙe hannun 'ya'yana ka yi addu'a, Ernest. Muka ce amin."

Ya sunkuyar da kai. Insfekta ya rufe masa ƙofar mota.